Ƙaidin albashi da igiyar ɗan wasa: neman kalmomin Hausa ga kasuwar hokin ƙanƙara

Assalamu alaikum. Na buɗe wannan zare ne domin mu tsayar da magana a kan kalmomi biyu da suke ba ni wahala duk lokacin da na zauna rubuta labarin gasar NHL da Hausa, wato babbar gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wadda ƙungiyoyi 32 ke bugawa, 25 a Amurka, 7 a Kanada. Ta farko ita ce abin da Turawa ke kira salary cap, wato adadin da jimillar albashin ƙungiya ba za ta wuce ba, ta biyu kuwa free agent, wato ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare. Na riga na tambayi mutane yadda za a faɗe su da Hausa, kuma zan bi shawarwarin da aka kawo ɗaya bayan ɗaya. Na san masu bin wannan wasa a cikinmu ba su da yawa, amma kalmomin biyu sun riga sun shigo mana ta ƙofar ƙwallon ƙafa tun watan Agustan 2021, lokacin da Barcelona ta kasa sabunta kwantiragin Messi saboda dokar kashe kuɗi ta La Liga. Na ɗauki hoki a matsayin ma'auni ne saboda a can aka fi tsananta tsarin, don haka kalmar da ta iya ɗaukar nauyinsa a can ba za ta gaza a wani wuri ba.

Ba a raɗa suna sai an ga jariri, saboda haka bari mu fara duba abin da muke nema wa suna.

A kakar 2004 zuwa 2005 ba a buga ko wasa ɗaya ba a NHL. Masu ƙungiyoyi ne suka garƙame filaye suka ce babu wasa sai 'yan wasa sun yarda a ɗaure yawan albashi da yawan kuɗin shiga, kuma wannan ya bambanta da yajin aiki, domin mai gida ne ya kulle ƙofa. Ranar 16 ga Fabrairun 2005 shugaban gasar, Gary Bettman, ya soke kakar gaba ɗaya, aka wayi gari ba a ba kowa Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, ba, abin da rabon da a gani tun 1919, shekarar annobar mura. A watan Yulin 2005 'yan wasa suka sauko, aka zaftare kashi 24 cikin ɗari na kwantiragin kowa, aka kuma ce daga yanzu babu ƙungiyar da jimillar albashin 'yan wasanta za ta wuce dala miliyan 39 a kaka ɗaya. Adadin yana hawa ne gwargwadon kuɗin da gasar ta samu, wanda tun 2013 ake raba shi biyu daidai tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa. Ya kai miliyan 81.5 a kakar 2019 zuwa 2020, korona ta tsayar da shi a nan har kaka uku, sannan ya ci gaba da hawa zuwa miliyan 88 a kakar 2024 zuwa 2025, da miliyan 95.5 a wadda ta biyo baya. Ba kamar gasar ƙwallon kwando ta NBA ba, inda attajiri zai iya ƙetare layi ya biya haraji, a hoki babu kuɗin da zai saya maka izinin ƙetarewa.

Abu uku ke nan kalmar da muke nema za ta ɗauka: adadin na ƙungiya ne dungurungum, doka ce da ta hau kan kowa daidai wa daida, kuma ba ta miƙewa.

Na taɓa jefa jimlar a wata manhajar fassara ta ba ni "hular albashi". Wannan mun yi dariya mun wuce. Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya kawo "rufin albashi", ya ce haka Faransanci ya kira shi, kuma gaskiyarsa, domin jaridun Montreal ma da sunan rufin ɗaki suke kiransa. Sai dai a kunnen Bahaushe rufi abin alheri ne, shi ke tare rana da ruwa, daga gare shi muka samu rufin asiri. Wanda ya karanta cewa an sa wa 'yan wasa rufin albashi zai iya ɗauka an kare musu albashin ne daga zaftarewa, alhali akasin haka ake nufi.

Mafi yawan waɗanda suka amsa sun zaɓi "iyakar albashi", kuma ni ma da ita na yi shekaru ina aiki. Abin da ya raba ni da ita shi ne mai karatu a Najeriya ya saba da "mafi ƙarancin albashi", wanda magana ce a kan abin da ma'aikaci ɗaya zai karɓa a ƙarshen wata, saboda haka da ya ji "iyakar albashi" sai ya ɗauke ta kishiyar waccan, wato mafi yawan abin da mutum ɗaya zai samu. Matsalar kuwa ita ce wannan dokar ma akwai ta a NHL, daban take: babu ɗan wasan da za a ba fiye da kashi 20 cikin ɗari na abin da aka yarje wa ƙungiya. Idan muka kashe "iyaka" a kan jimillar ƙungiya, ranar da muka zo ba da labarin dokar mutum ɗaya za mu tarar mun riga mun cinye guzurinmu. Shawarata ita ce mu ajiye "iyakar albashin ɗan wasa" domin wannan doka ta biyu.

"Takunkumi" hukunci ne da ake ƙaƙaba wa mai laifi, nan kuwa babu wanda ya yi laifi. "Haddi" a asalinsa iyaka ne, amma a bakinmu ya koma kotu, kuma ba na so mu ja shi zuwa filin wasa. "Linzami" ya burge ni, har na kwana biyu ina juya shi, sai na lura cewa linzami a hannun mahayi yake, ya ja in ya so, ya sassauta in ya so, wannan kuwa ba a hannun mai ƙungiya yake ba.

Kalmar da na tsaya a kai ita ce ƙaidi. Muna cewa an ba shi dama ba ƙaidi, ko yana kashe kuɗi babu ƙaidi, kuma daga tushenta muka samu "ƙayyade". Asalinta Larabci ne, inda take nufin mari ko dabaibayi, wato abin da ke bari ka yi tafiya amma ya hana ka wuce wani taki. Ƙaidi ba ya zargin kowa da laifi, kuma ba a san shi da albashin mutum ɗaya ba, don haka babu wata tsohuwar ma'ana da za ta yi masa kutse. Roƙona ɗaya ga masu rubutu shi ne kada a rubuta shi "ƙa'ida", domin kalma ce daban. "Ƙa'idar albashi" tsarin biyan albashi ce, "ƙaidin albashi" kuwa shi ne layin da ba a ƙetarewa. Wani amfaninsa kuma shi ne yana karɓar sama da ƙasa, domin dokar ta hana rowa kamar yadda ta hana almubazzaranci: a kakar 2024 zuwa 2025 ƙaidin sama miliyan 88 ne, ƙaidin ƙasa miliyan 65, kuma dole kowace ƙungiya ta zauna tsakaninsu.

Kalma ba ta tabbata sai an ɗora mata kaya an ga ko za ta tashi. A 2010 Chicago Blackhawks ta ci Kofin Stanley karo na farko tun 1961, kuma kafin a gama shagali ƙaidi ya shaƙe ta. A cikin 'yan makonni ta tura Dustin Byfuglien da Andrew Ladd zuwa Atlanta, ta tura Kris Versteeg zuwa Toronto, sannan mai tsaron ragar da ya ci mata kofin, Antti Niemi, da mai sasanci ya yanke masa dala miliyan 2.75, sai ta ce ba ta da wurin sa wannan kuɗi, ya tafi San Jose. Ta riƙe ginshiƙanta, irin su Jonathan Toews da Patrick Kane da Duncan Keith, ta cike gefe da matasa masu arha, ta sake cin kofi a 2013 da 2015. Idan na rubuta "ƙaidi ya tilasta wa Chicago rabuwa da rabin jarumanta", ban ga mai karatun da zai nemi ƙarin bayani ba. Toronto Maple Leafs kuwa ta bi wata hanyar, ta zuba kimanin miliyan 40 a kan 'yan gaba huɗu, Auston Matthews da John Tavares da Mitch Marner da William Nylander, a daidai lokacin da ƙaidi ya tsaya cik a miliyan 81.5. Kusan rabin tukunya ya tafi ga mutum huɗu, sauran kusan ashirin suka raba ragowar, kuma ƙungiyar da rabonta da kofi tun 1967 ta ci gaba da jira.

A nan wata ƙaramar kalma take ɓullowa, wadda dole mu sama mata suna tare da uwarta. Abin da ake lissafa wa ɗan wasa a cikin ƙaidi shi ne matsakaicin kwantiraginsa, wato a tara kuɗin duka a raba da yawan shekaru, ko da abin da ya shiga aljihunsa a wannan shekarar ya fi haka ko bai kai ba. Ni "nauyi" nake kiran wannan, nauyin ɗan wasa a ƙaidi, abin da ya rage wa ƙungiya kuma "sarari". Bambancin albashi da nauyi shi ne ƙofar da masu wayo suka yi ta bi. A 2010 New Jersey Devils ta ba Ilya Kovalchuk kwantiragin shekara 17 a kan miliyan 102, aka tara miliyan 95 a shekaru goman farko, aka bar miliyan 7 kacal ga shekaru bakwai na ƙarshe, waɗanda za su kai shi shekara 44 da haihuwa, kowa kuwa ya san ba zai buga su ba. Manufar ita ce nauyinsa ya sauko zuwa miliyan 6. Hukumar gasar ta ƙi amincewa, mai sasanci ya goyi bayanta, aka ci ƙungiyar tara, kuma daga 2013 aka taƙaita tsawon kwantiragi zuwa shekara 7, ko 8 ga wanda ya sabunta da ƙungiyarsa. Haka nan a 2021 Tampa Bay Lightning ta ajiye Nikita Kucherov, mai nauyin miliyan 9.5, a jerin masu doguwar jinya tsawon kakar bayan tiyatar ƙugu, ta yi amfani da sararin da ya bari, sai ga shi ya dawo a ranar farko ta wasannin neman kofi, inda a wancan lokaci ba a lissafa ƙaidi, suka kuma ɗauki kofin. Ba su karya doka ba, amma ƙorafin bai kwanta ba sai da yarjejeniyar 2025 ta shigar da ƙaidi cikin wasannin kofi.

Kalma ta biyu ta fi ta farko sarƙaƙiya, kuma a kanta ne na taɓa jin kunya.

Ranar 1 ga Yuli, wadda ita ce ranar bikin ƙasa a Kanada, ita ce kuma ranar da kwantiragi ke ƙarewa a buɗe kasuwa. A irin wannan rana a 2018 John Tavares, kyaftin ɗin New York Islanders, wanda suka ɗauka na ɗaya a zaɓen matasa na 2009, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi, ya yi musu kaka tara, ya koma Toronto, ƙungiyar da yake so tun yana yaro, har ya wallafa hotonsa na ƙuruciya yana barci cikin zanen gado mai tambarinta. Na rubuta labarin da yaren da muka saba a ƙwallon ƙafa, na ce Tavares ya koma Toronto a kyauta, kan dala miliyan 77 na shekara 7. Ba a yi awa ɗaya ba ƙanena ya aiko mini da saƙon murya, ana jin ƙarar injin markaɗe a bayansa, ya ce: "Yaya, don Allah wace irin kyauta ce ta dala miliyan 77? In haka kyauta take a can, a taimaka a ba da ni." Na saurara sau biyu, ban sami abin da zan ce masa ba.

A ƙwallon ƙafa "kyauta" tana da hujja, domin tun hukuncin Bosman na 1995 wanda kwantiraginsa ya ƙare yana tafiya ba tare da sabuwar ƙungiya ta biya tsohuwar ko sisi ba, kamar yadda Mbappé ya bar PSG zuwa Real Madrid a 2024, sauran 'yan wasa kuwa sayensu ake yi. A NHL ta yau babu wannan ciniki sam. Ƙungiya ba ta sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga 'yar'uwarta, musaya ake yi, mutum da mutum, ko mutum da gurbin zaɓen matasa. Idan babu wanda ake saya, cewa wani ya tafi kyauta ba ta bambanta shi da kowa ba. Abin da ya bambanta shi shi ne wanda ke da ikon cewa ga inda zai buga.

An kawo "'yantaccen ɗan wasa". Ban karɓa ba, domin 'yantacce a tarihinmu bawa ne da aka 'yanta, kuma kalmar ba ta rabu da wannan ƙamshi ba. "Mai zaman kansa" ta fi dacewa da kamfani ko makaranta, kuma idan muka zo ba da labarin gasar mata, kowa ya san inda "mai zaman kanta" za ta kai mu. "Marar ƙungiya" tana nuna wanda aka rasa mai so, alhali Tavares ƙungiyoyi ne suka yi layi suna gabatar masa da kansu. Wata baiwar Allah ta ce tunda masu labarin wasanni sun riga sun saba cewa ƙungiya kaza tana zawarcin ɗan wasa kaza, me zai hana a kira shi bazawari? Hajiya, kin kusa, kuma daga shawararki na ɗauki rabin amsar. Inda ta tsaya shi ne a bakin yawancin mutane bazawari shi ne mai neman, kamar yadda ake cewa bazawarinta ya zo, don haka a wannan ciniki ƙungiya ce bazawari. Amma lokacin kansa, daga 1 ga Yuli zuwa sanda kasuwa ta watse, ban ga sunan da ya fi "kasuwar zawarci" dacewa da shi ba.

Shi ɗan wasan kuwa, sunansa yana cikin tsarin da kansa, domin iri biyu ne. Wanda ya kai shekara 27, ko ya cika kaka 7 a gasar, idan kwantiraginsa ya ƙare babu mai iko da shi, tsohuwar ƙungiyarsa ba ta samun komai. Wanda bai kai haka ba, ko da kwantiragin ya ƙare, muddin ƙungiyarsa ta miƙa masa tayin da doka ta tanada, tana nan riƙe da shi: wata ƙungiya za ta iya ba shi takardar tayi ya sa hannu, amma tsohuwar tana da kwana 7 ta biya daidai abin da aka taya ta riƙe abinta, ko ta sallama ta karɓi diyyar guraben zaɓe gwargwadon girman kuɗin. Bahaushe ya riga ya san wannan hali, yana cewa da sauran igiya. Saboda haka na farko "marar igiya", na biyu "mai sauran igiya".

Wani malami ya yi mini gyara cikin ladabi, ya ce igiya kalmar aure ce, kada a wasa da ita, ya kuma ce haƙƙin biyan daidai abin da bare ya taya yana da suna a fiƙihu, shi ne shuf'a, inda abokin tarayya a gida ko gona yake karɓar kason da aka sayar wa wani a kan farashin da aka sayar. Allah ya gafarta Malam, misalin shuf'a ya zauna daram, kuma zan riƙa kawo shi wajen bayani, amma a kanun labari zai buƙaci nasa bayanin. Game da igiya kuwa, na kauce wa idda da saki da kome da gangan, domin waɗannan hukunce-hukunce ne na shari'a. Igiya kuwa tun kafin ta zama kinayar aure tana wuyan akuya tana kan guga, kuma zawarci da muka ara daga wannan fage shekara da shekaru bai ɓata wa kowa rai ba.

Na ga aikin wannan igiya da idona a Edmonton a watan Agustan 2024. Ƙungiyar garin, Edmonton Oilers, ba ta daɗe da faɗuwa a wasa na bakwai na ƙarshe na Kofin Stanley a hannun Florida Panthers ba, da ci 2 da 1, ƙaidi kuma ya matse ta, sai St. Louis Blues ta miƙa takardar tayi ga matasanta biyu a rana ɗaya, Philip Broberg a kan kimanin miliyan 4.58 a shekara, Dylan Holloway a kan kimanin miliyan 2.29, kowanne na shekara biyu. Wani abokin aikina, dattijo mai zuwa ofis da rigar ƙungiyar duk ranar wasa, ya juya ambulan a teburin shan shayi yana lissafi da biro: ga nauyin tauraron ƙungiyar, Connor McDavid, ga sabon kwantiragin ɗaya tauraron, Leon Draisaitl, da ke tafe, ga abin da ya rage. Ya ja layi a ƙasa, ya soke, ya sake tarawa, shayinsa ya huce bai sha ba. Da kwana bakwai suka cika ƙungiyar ta sallama duka biyun, ta karɓi gurbin zaɓe na zagaye na biyu da na uku, Holloway kuma ya je ya ci wa St. Louis ƙwallo 26 a kakar farko. Matashi mai arha da ke buga wasan manya shi ne abin da ƙungiya mai neman kofi ta fi buƙata a ƙarƙashin ƙaidi, shi ya sa wannan rashi ya yi ciwo fiye da yadda adadin kuɗin ya nuna.

Ga yadda labarin cinikin 2025 zai fito da kalmomin da muka tsayar, sai ku duba ko akwai inda ya yi tuntuɓe:

Florida Panthers, wadda ta ci Kofin Stanley a 2024 da 2025, ta hana manyan 'yan wasanta uku shiga kasuwar zawarci. Sam Bennett da Aaron Ekblad da Brad Marchand duk za su zama marasa igiya ranar 1 ga Yuli, amma suka sabunta kafin ranar, Bennett a kan nauyin miliyan 8, Ekblad miliyan 6.1, Marchand miliyan 5.25, abin da ya bar ƙungiyar da ɗan abin da za ta cike sauran gurabe, kuma rashin harajin albashi na jiha a Florida yana cikin abin da ke sauƙaƙa mata irin wannan ciniki. Mitch Marner ya sa hannu da Toronto a kan miliyan 96 na shekara 8, nan take aka yi musayarsa zuwa Vegas. Kirill Kaprizov ya sabunta da Minnesota a kan nauyin miliyan 17, Connor McDavid kuwa ya karɓi miliyan 12.5 na shekara biyu, daidai da nauyinsa na da, domin ya bar wa Edmonton sarari a ƙaidi.